Shin Ko Kun San? Rige-rigen da ke Cikin Salularku

Shin ko kun san duk wata salula mai Android da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Yamai, sabuwa ko ta hannu, Linux ne zuciyar manhajarta? Linus Torvalds ya soma rubuta shi a 1991. Shi ke raba lokaci da ma'aji tsakanin ɗimbin ayyukan da ke gudana tare, kuma a wurin rabon ne rige-rige ke shigowa.

A ce asusu na da jika goma. Ayyuka biyu suka leƙa a daƙiƙa guda, kowanne ya ga kuɗin na nan, kowanne ya cire. Jika ashirin sun fita ke nan daga inda goma kawai take. Maganinsa kulle: wanda ya riga shiga ya datse ƙofa, sauran su jira. Ɗan ƙasar Holan Edsger Dijkstra ya shimfiɗa ƙa'idar wannan tun 1965. Amma kullen ma da nasa ciwon kai, don ayyuka biyu kan cije, kowanne riƙe da makullin da ɗayan ke jira, sai na'ura ta sandare. Linux kansa ya daɗe yana jan wani ƙaton kulle guda, sai a 2011 aka raba shi da shi.

Ko kun san wani rige-rige da aka laƙaba wa Dirty COW ya kwanta a Linux daga 2007 har Oktoban 2016? Da shi ƙaramar manhaja kan rubuta a inda karatu kawai aka yarje mata, ta ƙwace ragamar na'ura. Abin takaici, cikin ƙofofin da aka bi har da ptrace, kafar da aka tanada don masu gyara su tsayar da aiki su leƙa cikinsa. An toshe ɓarakar, amma tsohuwar wayar da ba a sabunta ba tana nan yadda take.

Kama irin wannan kuskure kuwa sai an sha wuya. Da an sa masa ido aiki ya rage gudu, lokaci ya sauya, sai ya ɓuya.

Ya ci rayuka ma. Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25 ta zabga wa marasa lafiya hasken da ya wuce kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuranta ba ya tashi sai mai aiki ya gyara umarni cikin daƙiƙa 8, wato ƙwararren mai saurin yatsa ne ke tsokano shi.

Ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce a Yamai, amma ta 14 ga Agustan 2003 ta jefa mutum wajen miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada. Rige-rige ne ya toshe bakin ƙararrawar gargaɗi ta kamfanin FirstEnergy a Ohayo sama da awa guda, layuka na katsewa ma'aikata ba labari. Sai bayan makonni injiniyoyi suka gano shi.