An kashe maciji ba a sare kai ba: Abin da manhaja ke bari a kwamfuta bayan an goge ta

A ranar 8 ga Yulin 2019, wani mai binciken tsaron intanet a Amurka, Jonathan Leitschuh, ya fallasa cewa manhajar Zoom tana barin wani ɓangarenta a cikin kwamfutocin Mac ko da an goge ta. Ɓangaren yana ci gaba da aiki a ɓoye, kuma yana iya sake girka Zoom ba tare da izinin mai kwamfutar ba. Kwana biyu bayan fallasar, kamfanin Apple ya tura gyaran da ya kawar da shi.

Kafin wannan, a watan Fabrairun 2015, an gano manhajar talla ta Superfish a cikin wasu kwamfutocin Lenovo. Manhajar ta dasa wata takardar shaidar tsaro da masu kutse za su iya fakewa da ita su karanta bayanan da mutum ke aika wa bankinsa. Waɗanda suka cire manhajar sun zaci sun tsira, alhali takardar tana nan daram. A 2017 Lenovo ya amince ya biya jihohi 32 na Amurka dala miliyan 3.5 kan batun.

Tushen matsalar shi ne, kamfanin da ya ƙirƙiri manhaja shi ke tsara yadda za a cire ta. Windows umarninsa kawai take bi, don haka duk abin da bai lissafa ba yana zama. Wani lokaci sakaci ne. Wani lokaci kuma da gangan ne, kamar alamar da ake bari domin hana mutum sabunta wa'adin gwaji na kyauta.

Galibin ragowar ba ta da illa face cin wuri. Amma akwai alamun da ke buƙatar bincike: saƙon cewa wani fayil ya ɓace a duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ko sabuwar manhaja ta ƙi girkuwa bisa hujjar cewa tsohuwar tana nan, ko burauza ta riƙa buɗe shafukan da ba a nema ba.

Matakin farko shi ne duba abin da ke tashi tare da kwamfutar. A danna Ctrl, Shift da Esc lokaci guda domin buɗe Task Manager, a shiga sashen Startup, a dakatar da duk abin da ke ɗauke da sunan manhajar da aka cire. Sai a leƙa Task Scheduler, inda manhajoji ke ajiye ayyukan da suke gudanarwa kan lokaci. Manhajar Autoruns, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, tana tattaro waɗannan duka a shafi ɗaya.

Daga nan sai fayiloli. A duba Program Files da ProgramData, sannan a rubuta %appdata% a akwatin bincike. A nan ake samun saituna da tarihin amfani, wani lokaci har da bayanan shiga asusu. Masu Mac kuwa su duba Application Support da LaunchAgents a cikin Library.

Manhajojin kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta sun fi kowa kafa saiwa. Shi ya sa McAfee da Norton da Kaspersky kowanne ke da manhajarsa ta musamman ta share ragowa, kuma daga shafin kamfanin kaɗai ya kamata a sauke ta.

Wuri mafi hatsari shi ne Registry, kundin da Windows ke adana saitunanta. Goge layi ɗaya bisa kuskure na iya hana kwamfuta tashi, kuma Microsoft ya bayyana cewa ba ya goyon bayan manhajojin da ke iƙirarin tsaftace kundin. Duk wanda zai taɓa shi ya fara ajiye madogara ta System Restore, kuma kada ya goge abin da bai tabbatar da mai shi ba.

Ga wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, ko zai sayar da tasa, bin ragowa ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba. Abin da ya fi shi ne ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, ya shiga Reset this PC, ya zaɓi share komai, ya kuma kunna zaɓin tsaftace ma'ajiyar bayanai kafin kwamfutar ta sauya hannu.