Masana A Minna Suna Neman Lantarki A Jikin Fure

Jihar Neja ita ce gidan manyan madatsun ruwa masu ba Nijeriya wutar lantarki, tun daga Kainji da aka gama a 1968 har zuwa Shiroro da Zungeru. Duk da haka akwai ƙauyuka da dama a jihar waɗanda waya ba ta kai gare su ba, faifan hasken rana kuwa sai mai hali, domin daga ƙetare ake shigo da shi.

Wannan ne ya sa aikin waɗansu malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya cancanci a dube shi. A shekarar 2015 Malam Kasim Uthman Isah da abokan aikinsa suka bayyana yadda suka tatso launi daga jan furen bugambiliya, watau furen nan da ake dasawa jikin katanga don ado, suka samu lantarki da shi.

Dabarar ta samo asali ne daga ganye, wanda koren launinsa ke kama hasken rana ya haɗa wa itace abinci. A 1991 Michael Grätzel da Brian O'Regan suka kwaikwayi wannan hikima. Akan shafa wa gilashi wani farin gari, irin wanda ake sawa a farin fenti, sa'an nan a tsoma shi cikin rini har ya sha. In rana ta buge shi sai rinin ya saki ƙwayoyin lantarki, garin ya miƙa su ga waya. Su Turawan da rinin wani ƙarfe mai tsadar gaske suka yi nasu. Na Minna kuwa da ruwa kawai suka jiƙa furen, suka kuma gano cewa matsakaicin tsami ya fi ba da wuta. Waɗansu masanan ƙasar nan sun jarraba zoɓo da lalle.

Amma fa da sauran rina a kaba. Faifan kasuwa yana mai da kimanin kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa ya zama wuta, na furen kuwa bai cika kashi 1 ba. Ga kuma abin da kowane marini ya sani: rana ita ce abokiyar gābar launi. Rinin tsiro yakan koɗe da wuri, ruwan sinadarin da ke tsakanin gilasan biyu kuma yakan tsiyaye ko ya ƙafe in zafi ya yi tsanani, irin na watan Maris a Minna.