Ko Kun Sani? Rashin Aiki Kan Daɗe Bayan Matsi Ya Wuce

Rashin aikin yi na iya zaunawa daram a ƙasa shekaru bayan matsin tattalin arzikin da ya haddasa shi ya kau. A Birtaniya, marasa aiki sun haura miliyan 3 a farkon 1982. Harkoki sun farfaɗo, amma adadin bai sauko ƙasa da haka ba sai a 1987. Masana na kiran wannan hali hysteresis, sunan da suka aro daga masu binciken ƙarfe. Ku goga ƙusa a jikin maganaɗisu, sannan ku ɗauke shi, za ku ga ƙusar ta ci gaba da ɗaukar allura. James Alfred Ewing, ɗan Scotland da ke koyarwa a Tokyo, shi ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna a 1881. A 1986 kuma Olivier Blanchard da Lawrence Summers suka yi amfani da sunan wajen bayyana halin da Turai ta shiga. Dalili kuwa abin tausayi ne: wanda ya daɗe a zaune, hannunsa kan yi sanyi a sana'a, masu ɗaukar ma'aikata su riƙa tsallake takardarsa, har wani ya gaji ya daina nema.