Maganaɗisu, Ɓeraye da Ciwon Farfaɗiya

Idan mai farfaɗiya ya yanke jiki ya faɗi a Kasuwar Dole ta Zinder, nan da nan akan dare, kowa na gudun kumfar bakinsa, wasu na cewa bugun iska ne. Alhali kumfar ba ta sa wa kowa ciwo. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan siririn lantarki suke aika wa juna saƙo. In lantarkin ya yi tunzuri gaba ɗaya, sai jiki ya kama jijjiga.

To, me zai hana a lallashi wannan lantarki daga waje? A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ƙera na'ura mai naɗaɗɗiyar waya da ake ɗorawa a ka. Tana harba ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai, ba yanka, ba allura. Daga baya aka lura cewa bugu a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa, yana kwantar da ƙwaƙwalwa, mai sauri kuwa zuga ta yake yi.

A kan ɓeraye aka gwada wannan bugu. A asibitin yara na Boston a Amurka, Alexander Rotenberg da tawagarsa sun yi wa ɓeraye allurar wani sinadari mai tayar da farfaɗiya, suka kafa ido kan zanen lantarkin ƙwaƙwalwarsu. Da ciwon ya taso sai su sakar musu bugun. A 2008 suka ba da rahoton cewa tsawon tashin ciwon ya ragu. Sai dai ƙwaƙwalwar ɓera giram 2 ce kacal, na'urar ta yi mata yawa, saiti kan wuri guda ya zama aiki. Gwajin mutane kuwa sakamakonsa ya sha bamban, shi ya sa har yau na'urar ba ta zama maganin farfaɗiya na yau da kullum ba.

A ƙasar Damagaram, tushen ciwon ya fi kusa da gida: doguwar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, da sanƙarau irin wanda ya ɓarke a jihar Zinder a ƙarshen 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum, har da tsohuwar ƙwayar nan mai araha, fenobarbital. Wanda ya faɗi kuwa, a janye shi daga bakin murhu ko rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.