Ganye uku: ɗaya na biki, ɗaya na ƙaiƙayi

Ƴan uwa manoma da masu aikin garka, yau za mu yi magana bisa tsirrai biyu na ƙasashen nesa. Kowannensu ganye uku gare shi a haɗe, kamar ganyen wakenmu. Na farko ana maƙala shi a riga ranar biki. Na biyu kuwa, wanda ya taɓa shi zai yi sati biyu ko uku yana susa. Gaskiyar Hausawa da suka ce kama da wane ba ta wane.

Bikin 17 ga watan Maris

Irland tsibiri ne a yamma da Ingila. Ana ruwan sama a can kusan duk shekara, shi ya sa ƙasar take tsanwa shar. Kowace shekara, ranar 17 ga watan Maris, mutanen ƙasar suna bikin tunawa da wani malamin addinin Kirista mai suna Patrik, wanda ya rayu a ƙarni na 5. Yana ɗan shekara 16 mahara suka kama shi a Birtaniya, suka kai shi Irland bauta. Ya yi shekara 6 yana kiwo, sannan ya gudu. Daga baya ya komo ƙasar don wa'azi. Ana ɗauka a wannan rana ya rasu, kuma tun 1903 ta zama ranar hutu.

Ranar bikin ana zuwa majami'a, ana jerin gwano da kaɗe-kaɗe, ana sa tufafi tsanwa. Kowa yana maƙala wata ƴar ciyawa a ƙirji, sunanta shamrok. Danginsu ɗaya da wake da gujiya. Ganyenta ƙanana ne masu laushi, kuma ba ta cutar da kowa. Ana ba da labari cewa Patrik ya yi misali da ita wajen koyarwa.

Yadda bikin ya ƙetare teku

Talakawan Irland sun dogara ga dankalin turawa kamar yadda muka dogara ga hatsi. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin. Yunwa da cututtuka suka kashe mutum wajen miliyan 1, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar, mafi yawansu zuwa Amurka. Tun 1762 ake jerin gwanon Patrik a birnin Niyu Yok, amma zuwan waɗannan baƙi ne ya ƙara wa bikin girma. A birnin Shikago, tun 1962 ake rina ruwan gulbi ya zama tsanwa saboda bikin.

Ga manoma, ranar tana da wata ma'ana. Sanyi ya soma ja da baya, kuma al'ada ce a shuka dankali a lokacin. Masu garka da yawa a Amurka suna bin wannan al'ada. To, wajen sassabe da share garka ne suke gamuwa da tsiro na biyu, wanda babu shi a dajin Irland.

Tsiro mai dafi

Da Ingilishi ana kiransa poison ivy, wato tsiro mai yaɗo da dafi. Yana fitowa a Amurka da Kanada, a bakin daji, da gefen hanya, da jikin shinge. Wani yana yaɗo a ƙasa, wani yana hawan icce da igiya mai gashi-gashi. Ganyensa uku sun fi na shamrok girma nesa ba kusa ba, suna da tsini, kuma na tsakiya ya fi dogon wuya. Ƴaƴansa farare ne ƙanana. Da kaka ganyen yana komawa ja. A watan Maris, a yankuna masu sanyi, bai ma fid da ganye ba tukuna, amma dafin yana nan a reshe da saiwa.

Dafin wani maiƙo ne da ake kira urushiyol. Mafi yawan mutane jikinsu ba ya jure shi. Ƙaiƙayin hatsi nan take yake kama mutum, a yi wanka ya wuce. Wannan kuwa sai bayan awa 12 zuwa kwana 3 yake bayyana, ga wanda bai taɓa gamuwa da shi ba ma yana iya kai sati 2 ko 3. Fata ta yi ja, ta kumbura, ta yi bororo, sau da yawa a jere kamar an ja layi.

Mu lura da abu biyu. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ruwan bororon ma ba ya ɗauke da dafi. Amma maiƙon yana zama a tufafi, da takalmi, da ƙotar hauya har shekara guda ko fiye. Akuya tana cin ganyen ba abin da zai same ta, kare kuma yana kwaso maiƙon a gashinsa ya shafa wa mai shi.

Rigakafi

1. A sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmi rufaffe, da safar hannu.
2. In an taɓa tsiron, a wanke wurin nan da nan da sabuni da ruwan sanyi mai yawa. Kada a bari a wuce minti 10 zuwa 30, don maiƙon yana shiga fata da sauri.
3. A wanke ƙarƙashin akaifa. Kada a taɓa ido ko fuska kafin a wanke hannu.
4. A wanke tufafin su kaɗai. A wanke kayan aiki da sabuni.
5. Kada a ƙone tsiron, ko da ya bushe. Hayaƙinsa yana ɗauke da dafin zuwa ido da huhu.

Magani

In ƙurajen ba su da yawa, suna warkewa da kansu cikin sati 2 zuwa 3. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora minti 15 zuwa 30, sau da yawa a yini. A shafa kalamin ko man hidirokotizon na kashi 1 cikin 100, waɗanda ake samu a kantin magani. A yanke akaifa, a daure kada a yi susa, kada kuma a fasa bororo. Susa ce take buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kada a zuba toka, ko kananzir, ko ruwan zabel bisa ciwon.

A tafi gidan likita ba da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- numfashi ko haɗiya suna wuya;
- ido, ko baki, ko al'aura sun kumbura;
- ƙurajen sun rufe babban sashen jiki;
- akwai masassara ko mugunya;
- an shaƙi hayaƙin tsiron.

Ina ruwanmu da wannan?

Wannan tsiro ba ya fitowa a ƙasarmu, saboda haka kada kowa ya tsorata da ganyen wakensa. Amma muna da ƴan uwa da suke zaune a Amurka, kuma ya kamata duk mai niyyar tafiya ya san shi. Ban da haka, yana da dangi a garkunanmu. Mangwaro da yazawa, wadda wasu suke kira kanju, gidansu ɗaya da shi. Ruwan da yake tsattsafowa daga wuyan mangwaro in an tsinke shi, da ɓawonsa, suna da maiƙo mai kama da urushiyol. Shi ne yake sa wa wasu yara ƙuraje a gefen baki da hannu lokacin bazara. Man da yake cikin kwasfar ƙwallon yazawa ya fi shi ƙarfi, har yana ƙona fata.

Don haka, in mun tsinko mangwaro mu wanke shi, mu wanke hannu da sabuni. Yaron da yake yin ƙuraje, a fere masa mangwaron a yanka masa, kada a bar shi ya ɓare da haƙori. Mai gasa ƙwallon yazawa ya yi a fili, ya kauce wa hayaƙi, ya hana yara matsowa. In ƙuraje sun fito, maganin da muka faɗa a sama shi ne dai maganinsu.

Watan Maris, lokacin da mutanen Irland suke bikinsu, shi ne lokacin da mangwaro yake soma shigowa kasuwanninmu. Mu ajiye sabuni da ruwa kusa da inda yara suke sha. Allah ya ƙara mana lafiya.