Amincewa Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Duk mai sauraron labaran Hausa daga gidajen rediyon Jalingo zai lura cewa kalma guda, wato amincewa, ita aka ɗora wa nauyin kalmomin Turanci huɗu ko biyar, alhali kuwa masu tsara doka ba don ƙawa suka rarrabe su ba, kowace da muhallinta da hukuncinta. Majalisa ta amince, gwamna ya amince, dagaci ya amince, sai talaka ya zaci abu ɗaya ne ya auku sau uku.

Idan Majalisar Dokokin Taraba, mai wakilai 24, ta zartar da ƙuduri, abin da ake jira wajen gwamna shi ne assent, wato rattaba hannu, wanda Tsarin Mulki na 1999 ya ɗiba masa kwana 30. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na wakilan suna da ikon sake zartarwa, ya zama doka ba da hannunsa ba. Wannan dai sha'anin manya ne.

Abin da ya fi taɓa manomin Sunkani shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta shar'anta cewa gonar da aka riƙe bisa al'ada ba a sayar da ita ko a jinginar sai da approval na ƙaramar hukuma, wato Ardo Kola a nan, fili mai takardar gwamna kuwa sai da consent nasa. Mutum zai ƙirga kuɗi a gaban mai unguwa, shaidu su dangwala yatsa a takarda, a raba goro, a shafa fatiha, ya tafi da yaƙinin an amince, alhali a shekarar 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta rushe jingina sukutum saboda rashin yardar gwamna.

Abin takaici, malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsefe wannan mas'ala: izini yana gabatar aiki, ijaza tana biyo bayansa, kamar wanda ya sayar da dukiyar wani ba da saninsa ba, cinikin ya tsaya har mai ita ya zartar, taƙriri kuwa shi ne shirun wanda aka yi abu a gabansa bai hana ba. Ina roƙon masu fassarar labarai da akawunan kotu su koma ga waɗannan lafuzza, domin mai sayen gona ya san hannun wa yake jira kafin ya biya.