KIFI DA ƳAN ƘWARIN TABKI

In mutum ya ɗebo ruwan tabki cikin kwalba, ya ɗaga ta wajen hasken rana, zai ga waɗansu ƴan ƙwari suna tsalle-tsalle a ciki. Da yawansu ba su wuce milimita 1 ko 2 ba. Mafi yawa gansakuka suke ci, wadda ke sa ruwa ya yi kore. Waɗansu kuwa ƴan'uwansu suke kamawa.

Su ma akwai mai cin su. Babban abokin gabarsu shi ne kifi, musamman ƴaƴan kifi. Yawancin kifin da ke cin su da ido yake farauta. Babban ƙwaro yake fara gani, shi kuma yake fara haɗiyewa. A shekara ta 1965, malamai biyu, Brooks da Dodson, suka gwada tabkuna a ƙasar Amurka. Inda irin wannan kifi ya yi yawa, sai ƙananan ƙwari suka tarar. Inda babu shi, manya ne suka cika ruwan.

Abin bai tsaya nan ba. Manyan ƙwarin su ne masu cin gansakuka da yawa. In kifi ya rage su, sai gansakuka ta samu sarari, ruwa ya ƙara kore. A tabki mai zurfi kuma, ƙwarin suna da dabara: da rana su nutse ƙasa cikin duhu, da dare su hau sama su yi kiwo.

Mutanen karkara suna da dalilin sanin wannan. Ɗaya daga cikin ƙwarin nan shi ke ɗauke da ɗan tsutsar kurkunu. In mutum ya sha shi, bayan kamar shekara guda kurkunu ya fito masa. Kifi yana rage ƙwarin, amma ba ya ƙare su. Tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, da shan ruwan rijiya ko famfo, su suka yi babban aiki. A 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da cutar.

A Cadi kuwa, karnuka da yawa sun kamu. Masana suna zargin ɗanyen hanjin kifi, domin ƙwarin da kifi ya haɗiye suna ciki. Shi ya sa ake roƙon masunta da mata masu gyaran kifi su binne hanjin, kada su jefa wa kare.